Abin Da Na Yanke Daga Waƙar Inna

Piyanon da ke ɗakina ya daɗe rabonsa da mai gyara. Mutumin da yake zuwa ya ɗaɗɗaure masa wayoyi ya tsufa ya koma garinsu, ni kuma ban nemi wani ba. Haƙoran dannawa uku a ɓangaren hagu sun mutu murus, sauran kuma kowanne ya kama gabansa. A da, ko ɗan karkacewa sauti ya yi sai abinci ya fita raina. Yanzu nakan zauna in danna, in ji abin da ya fito, in rufe murfin in tashi. Ba ya yi mini daɗi, ba ya kuma ɓata mini rai. Yaran gida suna ɗora masa cajar waya da kofin shayi, ban hana kowa ba.

Unguwar ma ta canza murya. In ka zauna a soron gidanmu a Dukawuya yau, abin da za ka ji janareta ne, da injin markaɗe, da babur mai neman hanya a lungun da ba a yi shi don taya ba, da wayoyi, kowa da tasa waƙar. Tun safe har yamma gunji ɗaya ne. Lokacin da muke tasowa kuwa da kunne ake sanin inda rana ta kai. Da hantsi lugude ne ke tashi daga gida uku ko huɗu, kuma ko ido rufe nakan faɗi taɓaryar kowane gida. Akwai wata tsohuwa a bayan katangarmu da kullum sai ta makara da rabin bugu, har ta koma ga Allah ba ta gyara ba. Daga nan sai jakunan masu kawo ƙasar gini, sai guga yana dukan bakin rijiya, sai masu tallan nono suna jan kira daga bakin lungu. In an yi azahar gari ya yi tsit, a gidanmu ba abin da ke motsi sai mazarin Inna.

Inna kaɗi take yi. Ta gurje audugarta, ta shiɓe ta, ta zauna a inuwar ɗakinta da alli a yatsu, mazari yana juyawa a kan wani guntun fata da ya yi santsi don tsufa. Tana kaɗin tana wata waƙa da ta gada a wurin mahaifiyarta tun suna bin shanu, rabi Hausa rabi Fillanci, a kan wata saniya da ta ƙi ƙetare rafi. Ba irin ta mawaƙa take yi ba. Takan tsaya ta lashi zare, ta shafo alli, ta kori kaza, ta yi wani ɗan gyaran murya sau biyu a jere, sannan ta kama daga inda ta ga dama. Ban san lokacin da na fara jin waƙar nan ba, na dai buɗe ido na same ta a gidan.

Ni ne ɗan farinta. A gidajenmu uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta jansa a jiki, ba ta nuna wa mutane ta damu da shi. Inna ta riƙe wannan da gaske. A bakinta ni “wancan” ne. Ina zaune taku uku daga inda take, sai ta ce da ƙanwata, wadda ke bi mini, “Ke, tambayi wancan ko ya ci abinci.” Ƙanwata kuma, da yake ’yar tsokana ce, sai ta juyo ta gyara tsayuwa kamar an aiko ta daga wani gari, ta ce, “Yaya, wai an ce ka ci?” In ce, “Ce mata na ci.” Abin bai taɓa yi mini ciwo ba, domin haka na ga ana yi a ko’ina. In zazzaɓi ya kwantar da ni, Inna takan wuce ta ƙofar ɗakin sau goma, wai tsintsiya take nema.

A makaranta na haɗu da piyano. Wani malami ne ɗan kudu yake kaɗa shi da safe in za mu shiga aji. Wata rana ya kama ni ina maimaita abin da ya kaɗa da yatsa ɗaya, maimakon bulala sai ya zaunar da ni. Mutum ne mai tsanani. In na ƙara wani abu nawa, sai ya ƙwanƙwasa murfin da fensir ya ce, “Abin da ba ya cikin takarda, kar in ji shi.” Baffa, mahaifina, dillalin shanu ne a kara. Sau ɗaya ya taɓa zuwa ya ga abin. Ya zagaya shi, ya leƙa bayansa, ya ce, “To, wannan akwatin mai haƙora shi za ka yi kiwo?” Abin da yake tsoro shi ne a ce ɗansa ya zama maroƙi. Da aka tabbatar masa wannan kiɗan ba ya wasa kowa, ba shi ma da magana a ciki, sai ya ce ba ruwansa, in dai ba a lokacin salla ba ne.

Haka na tafi ƙasar sanyi karatu. Na yi shekaru ina zama a ɗan ƙaramin ɗaki tun safe har yatsuna su yi tsami. Na koyi rubuta kiɗa a kan layuka biyar, na koyi tsara nawa, na koyi duba na wasu in fitar da kuskure kafin a buga. Da na dawo na yi ta kaɗawa a manyan ɗakunan taro a Legas da Kaduna, sanye da baƙar kwat, mutane su yi tsit su kuma tafa in na gama. Ba a taɓa samun mutumin Dukawuya a cikinsu ba. A unguwa an ɗauka akawu ne ni. Sai ranar da aka kawo piyanon gida aka gane akwai wata a ƙasa, domin sai da aka sare gefen ƙofar soro kafin ’yan dako su shigar da shi, suna yi suna tambayata me ke ciki. Zafin bazara yana tsaga katakonsa, don haka nake ajiye kwanon ruwa a cikinsa. In na yi tafiya na dawo sai in tarar da kwanon cike, ba kuma wanda ya taɓa cewa shi ya cika.

Kaɗa piyano ba ya riƙe gida a Kano, saboda haka na kama aiki a gidan rediyo, ni ne mai tace kiɗa. A lokacin a kan tef ake naɗar sauti, wani siririn zare mai faɗi, ruwan ƙasa, naɗe a faifai. Aikina in saurara, in na ji tari, ko numfashi mai ƙarfi, ko kukan akuya, ko kuskuren makaɗi, sai in tsayar da na’ura, in riƙa juya faifan da hannu gaba da baya har in kama daidai wurin. In sa alama da fensir mai ruwan ɗorawa, in yanke da reza, in haɗa bakin biyu da salatif. Sabon tef yana wuya, don haka ba ma yin kwafi, na asalin muke yankawa. Guntayen da aka cire kwando suke tafiya. Wanda kake ganin za ka iya nema daga baya sai ka rataye shi a gefen tebur. Na iya aikin nan, ba yabon kai ba. Ba wanda ya taɓa jin inda na haɗa. Wani tsoho mai goge da ya saurari nasa bayan na gama, sai ya ce, “Malam, ka yi mini wanka.” Na ɗauka yabo ne, na yi ta ba abokan aiki labari. Yanzu da kwamfuta suke yi. Wata yarinya a ofishin ta taɓa nuna mini yadda ake cire abu, in an fasa a danna wuri ɗaya ya dawo. Na ce mata madalla.

A tsakiyar waɗannan shekarun ne na so in rubuta wani abu na piyano a kan waƙar Inna. Na ɗauka na haddace ta, amma duk sanda na zauna sai ta zille mini. Muryar Inna tana sauka ne a tsakanin haƙoran piyano, ba a kan wannan ba, ba a kan na kusa da shi ba. Na ga ba yadda zan yi sai na naɗe ta in yi ta saurare. Ƙanwata tana gida a lokacin, ta zo wankan jego na haihuwarta ta fari, ita na aika. Inna ta ƙi. Na sake aikawa, ta ce ita ba zabiya ba ce. Na kai maganar gaban Baffa, ya ce wannan tsakaninmu ne. Bayan wasu kwanaki ƙanwata ta zo ta ce an yarda, bisa sharaɗi biyu: ba za a sa a rediyo ba, kuma ba kowa a tsakar gida sai ni.

Bayan azahar ne. Ƙanwata ta goya jaririnta ta shiga maƙwabta. Na aro na’urar ofis, na kifa ƙwarya na ɗora abin ɗaukar magana a kai, na zauna na ba Inna rabin baya don kar kunya ta hana ta. Tun da na yi wayo ba na jin mun taɓa zama mu biyu kaɗai haka. Ta ɗauki mazari, ta ce, “Ya fara?” Ba da ni take ba, iska ta tambaya. Ni ma na fuskanci bango na ce ya fara. Ta yi waƙar yadda ta saba, da tsayawarta, da korar kazarta. Ta tsaya, na ce a sake. Ta sake. A karo na uku muryarta ta buɗe, ta manta da na’ura, har na fara murna a raina. Ana cikin haka mazari ya tsaya. Na ɗauka zare ne ya tsinke. Sai ta kira sunana. Ba laƙabin da ake kirana da shi a gida ba, sunan yanka, cikakke. Sau ɗaya, ba da ƙarfi ba. Ta yi gyaran muryar nan nata sau biyu, mazari ya ci gaba da juyawa, ta kama waƙarta.

Ban juyo ba, ban kuma amsa ba. Ban san yadda ake amsa mata ba, tunda ban taɓa yi ba. Gabana ya faɗi, wannan gaskiya ne. Amma akwai wata gaskiyar da zan faɗa tunda na tsufa: a daidai wannan lokacin wani ɓangare na kaina yana cewa kash, a tsakiyar wanda ya fi kyau abin ya faɗo.

Washegari na zauna a teburina na yi abin da hannuna ya saba. Na cire kaza, na cire lasar zare, na cire gyaran murya. Na ɗauko farko daga karo na biyu, tsakiya daga na uku, na nemo ƙarshen a na farko, inda ta taɓa shi a gurguje, na haɗa su. Da na zo kan sunan na tsaya. Na juya faifan gaba da baya na ji shi sau da yawa. Sannan na sa alama nan da nan, na yanke. Bai fi tsawon tafin hannuna ba. Ban jefa shi kwando ba, na rataye shi a gefen tebur da niyyar in naɗe shi a takarda in sa aljihu. Sai aka leƙo aka ce wasu masu kalangu sun zo daga nesa suna jira a ɗauke su. Muka kai yamma da su, na wuce gida. Da safe na tarar da teburin fes. Mai shara ya yi aikinsa kamar kullum, ba shi da laifi. Ko bola ban je na duba ba. Na ce a raina ai Inna tana nan.

Na rubuta kiɗan. Duk inda muryarta ta faɗa tsakani, na tura ta kan haƙorin da ya fi kusa. Shi ne abin da aka fi sanina da shi a cikin duk abin da na tsara. An kaɗa shi a wuraren da ban taɓa zuwa ba, aka kuma buga shi a wani kundi da ni na tace. Inna ta ji ni ina bitarsa ta bayan bango wata da watanni. Ko ta gane waƙarta ce, ba ta ce ba.

Damina biyu bayan nan ta rasu, ciwon kwana huɗu. Ba ta sake kiran sunan ba. Bayan sadakar bakwai, da mutane suka ragu, Baffa ya kira ni soro. Shi ma bai taɓa kiran sunanta ba. Ya ce, “An ce ka kama muryar mai ɗakin nan a akwati.” Na ce haka ne. Ya ce, “Kawo.” Na aro na’ura na kunna masa. Ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma har tef ya ƙare.

Ya ce, “Ashe tana da ƙarshe.”

Na ce, “Wace, Baffa?”

“Waƙar. Tun da aka kawo mai ɗakin nan gidan nan nake jin ta, ban taɓa ji ta kai ƙarshe ba. Kullum sai wani abu ya taso.” Ya ɗago kai, ya ce, “Allah ya yi maka albarka. Kashe.” Bai sake neman ya ji ba har ya bi ta.

Na sa faifan a akwati na ci gaba da rayuwa. Na yi aure, na haifi ’ya’ya, na yi ritaya, yatsuna suka ƙage. Lokaci-lokaci guntun nan yakan faɗo mini a rai, in kore shi. Na riƙe cewa suɓutar baki ce ta yi, waƙa ta ɗebe ta ta manta da kanta, kuma da za a tambaye ta ita ma za ta so a cire. Da wannan na lallashi kaina shekara da shekaru. Kwanan baya ɗaya daga cikin ’ya’yana ya tono faifan ya kai inda aka juye shi a waya. Yanzu duk zuri’a kowa yana da shi. Suna tura wa juna, suna cewa ashe kaka gwana ce, ko numfashi ba a ji.

Ƙanwata aurenta nesa ya kai ta, can gabas, sai biki ko rasuwa ke kawo ta. Da mijinta ya rasu ta dawo wurin ɗanta a Ƙofar Nassarawa. Ba ta taɓa jin tef ɗin ba, domin ranar da na kunna wa Baffa tana cikin gida wurin mata. Makon da ya wuce ta zo da hantsi, tana dogara sanda, ta ce jikarta ta sa mata abin a waya amma ta ƙi ji ita kaɗai. Aka shimfiɗa mata darduma a ɗakina. Ta danna, muka saurara. Leɓenta yana bin waƙar. Da ta ƙare ta ce a sake, aka sake. Ta ajiye wayar a cinyarta.

Ta ce, “Yaya, wannan na yara ne. Ina na ainihin?”

Na ce, “Shi ke nan, babu wani.”

“To ina wurin da ta kira ka?”

Na tambaye ta yadda aka yi ta sani, tunda tana maƙwabta a ranar. Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta.

Ta ce, “Ka manta ina ta zuwa ina tambayarka ko abin yana gogewa, ko yana riƙe magana har bayan ran mutum? Kana tsammani ni ce nake son sani? Ita ke aiko ni. Da ka ce yana riƙewa, shi ne ta yarda. Waƙar ba ta dame ta ba. Kwana uku tana gwadawa a ɗaki, ina wanka ina jin ta, bakinta yana ƙi. Ta ce da ni a gaban idonka ba za ta iya ba, amma in akwatin ya riƙe, duk ranar da ka so sai ka ji. Da na dawo daga maƙwabta sai ta ce, ‘Na sa masa.’ Bayan nan duk sanda ka rufe ɗaki ka daɗe, sai ta ce da mutanen gida a rage surutu, wancan yana jin abinsa.”

Na jira in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina, ban ji ba. Jikina ne kawai ya yi sanyi, kamar na wanda ya daɗe a zaune ƙafa ta mutu. Na gaya mata gaskiya. Na ce na yanke shi washegari, na rataye a gefen tebur, aka share.

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi salati ba. Ta daɗe tana shafa bakin dardumar da yatsa. Can ta ce, “Ni na ji yadda take faɗarsa a ɗaki. Akwai yadda take jan ƙarshen. Bari in gwada maka.”

Ta gyara zama, ta buɗe baki. Na zuba mata ido ina jira. Leɓenta ya motsa, ya tsaya. Sai a lokacin muka tuna, ni da ita, cewa ita ma tun da aka haife ta ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta sake gwadawa, ta sunkuyar da kai, ta laluɓo sandarta.

Ta ce, “Yaya, sa a nemo mini abin hawa.”